Kowa da Kalarsa a Ajin Fentin Ruwa

Idan kana son sanin halin ɗan koyon zane da fentin ruwa, kada ka tsaya kallon abin da ya zana. Buɗe akwatin kalolinsa, ka duba gurbin da ya ƙwaƙule har ƙasa da wanda ko taɓawa bai yi ba. Da baki kowa zai ce maka ba ya wariya.

Ga Sarkin Shuɗi. Sama shuɗiya, mun yarda. Kogi shuɗi, babu laifi. To akuya fa? Ka tambaye shi, sai ya ce inuwa ce ta faɗo mata. Abin ƙaunarsa altaramarin, kuma ya gode wa Allah da bai zo duniya da wuri ba. A da, daga wani dutse na tsaunukan Afganistan ake niƙo wannan shuɗin, tsadarsa na gogayya da zinariya, sai a 1828 aka ba wani Bafaranshe mai suna Guimet kyauta saboda ya haɗa mai araha. Ba don shi ba, da Sarki ya sayar da gonar gado kafin ya gama akuya guda.

Hajiya Ruwan Hoda kuwa da idon zaɓen atamfar biki ta shigo aji. Ja, ruwan goro, ruwan hoda, duk a fure ɗaya. Malami ya ja mata kunne cewa ruwan hoda mai ƙyallin nan rini ne da rana ke cinyewa. Ta je ta rataye zanen a falo, saitin taga. Da furen ya koɗe, ta ce bakin mutane ne.

Sai Mai Kwaɓa, wanda ni dai shi na fi jin daɗin kallo. Zai lakato rawaya, ya ɗiga mata shuɗi, kore ya fito shar, gwanin sha'awa. Da ya tsaya nan da an tafa masa. Ina! Sai ya ce bari ya ƙara ja "ɗan kaɗan". Ja da kore kuwa kashe juna suke yi, nan take faranti ya koma taɓo. Don gyara ya zuba baƙi. Ruwan gwangwanin da yake wanke buroshi tun na safe ne, shi ma ya ba da tasa gudummawar. Ya dirji takarda har ta fara saɓulewa, sannan ya ja baya, ya riƙe ƙugu, ya ce sunan zanen "Hazo". Na makon jiya sunansa "Ƙura".

Matsoraci ɗigon kala guda yake sa wa rabin kofin ruwa, ya manta cewa wannan fenti ƙara haske yake yi idan ya bushe. Sai ka karkata takardarsa kafin ka yarda an yi aiki. Kusa da shi akwai mai cigiyar fari, da har yau bai yarda cewa farin takarda ake bari ya zama gajimare ba.

Na ƙarshe Alhaji Sayi-Ajiye. Akwatinsa na Winsor & Newton ne, kala 48, da takardar auduga mai kauri wadda ruwa ba ya lanƙwasawa. Zai gaya maka an kafa kamfanin a Landan a 1832, kuma ƙaron da ke riƙe garin kalar daga Sudan da Chadi da Nijeriya ake kai shi Turai. Duk gaskiya ne. Ka tambaye shi kalar da ya fi so, ya ce yana kan nazari. Buroshinsa bai taɓa jiƙa ba.

Shi za ka riƙe aboki, mai karatu. Ka riƙa gaishe shi da kyau, domin ba da daɗewa ba zai koma ɗaukar hoto, kuma akwatin nan rabin kuɗi zai sake shi.