Ni da Butar da Ba Ta Zuba Ruwa

Tumbi ba ya sallama idan zai shigo. Sai dai wata rana tela ya zagaya maka awo a ƙugu, ya duba, ya sake zagayawa, sannan ya yi gyaran murya ya ce, "Alhaji, yadi huɗun nan bana ba zai kai ba, sai an ƙaro." Na ce masa yadin zamani ne ba shi da faɗi. Ya ce, "Haka ne, Alhaji," ya rubuta biyar a littafinsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na bukatar aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a kowane mako, da kwana biyu ko fiye na aikin ƙarfafa tsoka. Da na auna nawa motsin, sai na ga daga ɗaki ne zuwa mota, daga mota zuwa kujerar ofis, sai kuma zirga-zirgar hannu tsakanin kwano da baki, wadda a gaskiya ban taɓa yi mata fashi ba. Sai na ɗaura niyyar ɗaga ƙarfe.

A bayan layinmu akwai wani kango da samari suka mayar wurin atisaye. Sun cika gwangwanayen fenti da siminti, sun zura bututun ƙarfe a tsakiya, wasu kuma tsofaffin giyoyin mota suka sa mai walda ya liƙa musu. Na leƙa, na ga babu wanda ya san nauyin abin da yake ɗagawa, sai na ce wannan ba wurin mai ilimi ba ne. Na tafi jim na kuɗi, mai madubai da fanka, na biya na wata guda.

Yaron da ke kula da wurin ya kwantar da ni a benci, ya ɗora mini doguwar sandar nan a hannu. Na sauke ta a ƙirji cikin natsuwa kamar yadda ya nuna. Sauka dai ta sauka. Da aka zo batun tashi sai ta ce sam. Na tura, na yi nishi, na karanto abin da ya sawwaƙa, gwiwoyin hannuna na kaɗawa. Ya sa yatsu biyu ya taimaka ta koma mazauninta, ya ce, "Baba, ai ba mu sa faifai ko ɗaya ba tukuna." A ranar na san cewa sandar maza ita kaɗai kilo 20 ce, ta mata kuma 15, sannan na san cewa madubin jim ba don ado aka sa shi ba, don kowa ya shaida ne.

Duk da haka dole in yi wa sandar adalci, domin tana da hikimar da ba a raina ta. Faya-fayanta sun fara tun daga ƙanana, har na kilo ɗaya da kwata, ta yadda mutum zai riƙa ƙara nauyi kaɗan-kaɗan mako bayan mako, jiki na sabawa yana ƙara ƙarfi. Girkawa na da labarin wani ɗan kokawarsu, Milo, wanda aka ce kullum yana saɓa ɗan maraƙi a kafaɗa, maraƙi na girma shi ma ƙarfinsa na ƙaruwa, har ya zama bijimi yake ɗauka. Sirrin sanda ke nan, kuma ba ta da iyaka ta kusa: kana iya loda mata kilo ɗari, kana iya loda ɗari biyu in kana da ƙashin yin hakan. Sai dai tana son wuri, tana son benci da marikinsa, tana son mai tsaya maka a ka kada ta danne maka maƙogwaro. Haka kuma masu ɗaga nauyi sosai kan huta minti biyu zuwa uku, wani lokaci fiye, tsakanin zagaye da zagaye. A wannan fannin na hutu na yi fice ƙwarai, har yaron ya fara tambayata ko in ya kawo mini shayi.

Abin da ya raba ni da jim ranar ƙafa ce. An ɗora mini sanda a bayan wuya, na yi ta tsugunno ina miƙewa, na dawo gida ina jin kaina gwarzo. Ciwon irin wannan aiki ba ya zuwa nan take, sai an kwana ɗaya ko biyu yake bayyana da kayansa. Ba zan yi bayanin yadda na ƙare da banɗakin tsugunno ba, illa dai in ce na san darajar bango.

Ina jinya ne ina latse-latsen waya na ci karo da wani dattijon Bature, furfura fal, yana lilo da wani dunƙulen ƙarfe mai mariƙi a sama. Ketilbel ake kiran ƙarfen. Aka ce ba ya bukatar benci, ba ya bukatar mai tsaya maka, minti ashirin a tsakar gida ya wadatar. Na ce to, ga irin nawa: ba madubi, ba 'yan kallo.

Asalinsa daga Rasha ne, kuma ba don motsa jiki aka ƙera shi ba. Tun ƙarni na 18 ma'aunin hatsi ne a kasuwanni, ana ɗora shi a sikeli. Manoma suka riƙa gasar ɗaga shi a bukukuwa don nuna ƙwanji, har abin ya zama wasa mai dokoki, aka yi gasar ƙasa ta farko a Tarayyar Sobiyet a 1985. A irin wannan gasa a yau, mutum kan yi minti goma yana ɗaga shi sama ba tare da ya dire ba, a ƙirga masa sau nawa ya yi. Tsohon awon Rashawa, fud, ya ɗan haura kilo 16, shi ya sa nauyinsa na gargajiya yake 16 da 24 da 32. Wani mai horarwa haifaffen Belarus, Pavel Tsatsouline, shi ya yayata shi a Amurka wajen shekarar 2001, daga nan ya bazu duniya har ya iso wani shagon kayan wasanni a garinmu, inda ni da shi muka haɗu.

Mai shagon ya nuna mini na 16, ya ce, "Yallaɓai, wannan shi ne na masu farawa." Kalmar "masu farawa" ta sosa mini rai, musamman da akwai wasu 'yan mata biyu a shagon suna duba takalma. Na nuna na 24 da leɓe. Shi da yaronsa suka kai mini mota.

Da na shigo da shi gida ina tafiya a karkace, uwargida ta zagaya shi tana dubawa, ta ce, "Maigida, wannan wace irin buta ce da ba ta da bakin zuba ruwa?" Sunan ya bi shi har yau. Yara suka jeru a bakin ƙofar kicin, 'yan kallon da na baro a jim sun sami wakilai.

Na buɗe ƙafafu, na kama mariƙin da hannu biyu, na jefa shi baya tsakanin cinyoyi, na fizgo shi gaba da ƙarfin damtse da gadon baya. Na farko ya tafi. Na biyu ya tafi da ni taku ɗaya. Kafin a je ko'ina gumi ya jiƙa tafin hannuna, mariƙin ya suɓuce, butar ta tashi sama kaɗan ta sauka daidai gindin randar da surukata ta aiko mana daga ƙauye. Randa ta tsage gida biyu, ruwa ya malale tsakar gida, kaji suka haura katanga. Na sunkuya in duba ɓarnar, sai wani abu ya ce ƙas a kwankwasona, na tsaya a nan a sunkuye. Autata ta ce, "Abba, ka gama ko mu ci gaba da ƙirgawa?" Rashawa don awo suka ƙera ƙarfen nan, kuma bai manta sana'arsa ba: ya auna ni a gaban iyalina, ya faɗi sakamako.

Sallar Magariba a zaune na yi ta, ina ƙamshin man zafi tun daga sahun farko har na ƙarshe. Bayan sallama maƙwabta suka yi ta jajantawa. Wani dattijo ya ce, "Alhaji, faɗuwa aka yi a babur?" Na ce wani abu ne mai kama da haka. Girman kai rawanin tsiya, in ji masu magana, nawa rawanin kilo 24 ne cif.

Ɗan yayata, wanda ya karanta ilimin motsa jiki, shi ya zo duba ni ya warware mini zaren. Ya ce, "Kawu, ai lilon nan ba aikin hannu ba ne, ba na baya ba ne. Ƙugu ake turawa baya, gadon baya a miƙe, sannan a harba ƙugun gaba da ƙarfi. Ɗuwawu da bayan cinya su ne injin, hannu igiya ce kawai." Da na warware ya aro mini na kilo 12, ya sa na yi ta gwada tura ƙugu ina taɓa bango kafin ya bari na taɓa ƙarfen. Da na kama hanya sai na ga wani abin mamaki: cikin 'yan mintoci zuciyata na dukan uku-uku, ina haki kamar zan shiɗe, alhali ban matsa daga inda nake tsaye ba. Sanda ba ta taɓa sa ni irin wannan hakin ba, sai dai na tsoro.

Ya ce masana sun gwada su biyun. A 2012 wasu masu bincike a jami'ar jihar Kalifoniya da ke Fullerton sun raba maza 30 gida biyu, wasu da sanda, wasu da ketilbel na kilo 16, na tsawon mako shida. Duka ɓangarorin sun ƙara ƙarfi, tsallensu ma ya ƙaru kusan daidai, amma a nauyin da mutum ke iya tsugunnawa da shi, 'yan sanda ne suka yi gaba. Kafin nan, a 2010, wani gwaji a jami'ar Wisconsin da ke La Crosse ya nuna cewa masu fizgar ketilbel sama na minti 20 sun ƙona kusan kalori 20 a kowane minti. Ya ƙara da cewa, "Amma Kawu, waɗancan mutane ne da suka saba da abin." Na gane inda ya dosa, na yi kamar ban gane ba.

Ita ma butar tana da nata halin. Nauyinta yakan yi tsalle da kilo huɗu ko takwas, babu ɗan faifan da za ka lallaɓa jiki da shi. Tana fitar da kanta a tafin hannu, kuma idan kana koyon ɗago ta zuwa kafaɗa za ta riƙa bugun tsintsiyar hannunka har ta yi tabo, abin da ya sa aka yi ta tambayata a ofis ko lafiya muke zaune da uwargida. Idan kuma ƙafafunka suka yi ƙarfi sosai, za ka wuce abin da take iya ba ka.

To ga hukuncina, na mutumin da ya sha kashi a hannun kowannensu. Wanda ke son ƙarfi tsantsa da ƙwanjin da zai cika hannun riga, ya nufi sanda, ba ta da na biyu a wannan. Wanda kuma irina ne, burinsa ya hau bene bai tsaya a tsakiya yana duba wayar ƙarya ba, ya ɗauki buhun shinkafa bai nemi mai ɗori ba, ga ƙarancin lokaci da wuri, ketilbel ɗaya ya ishe shi, domin yana haɗa masa ƙarfi da juriyar numfashi a zama guda. Sharaɗin dai ya fara da mara nauyi, ya nemi wanda ya iya ya duba masa ƙugu, ya kuma kwashe duk abin da ke fashewa daga gabansa. Mai hawan jini ko tsohon ciwon baya ya fara ganin likita, don riƙe numfashi a ƙarƙashin nauyi yana ɗaga jini.

Na 24 ɗin yana nan a zaure, sabo fil, ba abin da ya same shi. Mai bukata ya zo mu daidaita, rangwame sosai zan yi masa, amma ya taho da wanda zai ɗaukar masa.