Madalla da Kwamfutar Gwanjo

Duk mai cewa Turawa ba sa ƙaunarmu, ya leƙa Beirut Road a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village da ke Ikeja. Ga HP, ga Dell, ga Lenovo, an jera su a kanta sai ƙyalli suke yi. Bayin Allahn nan sun more su a bankuna da ofisoshi har sun tatse su tas, amma saboda zumunci ba su yarda sun zubar ba, suka yo mana lodi a jirgin ruwa. Binciken da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi a tashoshin ruwan Legas a 2015 da 2016 ya gano kusan tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki ke shigowa a shekara, kuma wajen kashi ɗaya cikin huɗu ko motsi ba ya yi. Akasari a cikin motocin tokumbo ake cusa su, don kada a wahalar da ma'aikatan tasha da dube-dube. Ina karamcin da ya wuce wannan?

'Yan kasuwarmu kuwa sai sambarka. A wasu ƙasashe, kafin a sayar da tsohuwar kwamfuta da sunan an gyara ta, sai an duba batir, an gwada kowane sashe, an ba da garanti a rubuce. Ɓata lokaci ke nan. Gwanayenmu da tsumma da ruwan goge gilashi suke gama aikin, su manna sabuwar sitika mai cewa Core i5, su naɗe da leda. Sunan nan na Core i5 tun 2009 yake yawo, ana ta fito da sababbi a ƙarƙashinsa, amma wa zai ɗaga wa mai saye hankali da zancen ta wace shekara ce?

Sai ga ɗalibin ajin ƙarshe a jami'a, mahaifiyarsa ta kwashi adashi ta damƙa masa don ya sayi kwamfutar rubuta furojet. Ya shafa murfin wata, ya ce wa mai shago, "Alhaji, batirin yana riƙe wuta?" Alhaji ya dafa ƙirji: "Haba ƙanena, awa huɗu cur, sai dai ka gaji ka bari." Kuma bai yi ƙarya ba, kwamfutar tana kai awa huɗun, muddin caja na jikin bango. Da an ɗauke wuta ita ma take ɗaukewa, da shafi goman da yaro bai adana ba, don ya huta da kallon allo ya kuma koyi haƙuri. Fankarta na gurnani kamar injin markaɗe, ƙasanta na gasa cinya, a lokacin hunturu har ɗumama ɗaki take yi kyauta. Garantin sati guda ne, ita kuma kwamfutar tana da kunya, ba ta taɓa mutuwa sai a rana ta takwas. Idan yaro ya koma shago, a nuna masa gindin rasit inda aka rubuta ba a dawo da kaya, a haɗa shi da injiniyan da ke maƙwabtaka, shi ma ya ci rabonsa.

Alherin ma yanzu ya fara. Tun 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ta janye tallafin da take ba Windows 10, kuma Windows 11 ba ta amince da yawancin kwamfutocin da suka girmi 2018 ba. Miliyoyinsu za su bar ofisoshin Turai da Amurka, kuma mun san inda za su nufa.

Ko bayan kwamfutar ta mutu ba ta daina taimakon al'umma. 'Yan jari-bola su saye ta a kilo, yara ƙanana su fasa ta da dutse, su banka wa wayoyin wuta don ciro tagulla, su sheƙi hayaƙin roba da dalma da huhunsu. Mai cewa babu aikin yi a ƙasar nan bai ga yaran nan suna tari a bakin bola ba. Uwar ɗalibi kuma tana nan tana zubin adashin, sai nan da wata shida za ta gama biya.