Yadda Na Halarci Yaƙin Basasar Amurka da Babbar Riga

Ɗan ƙanwata yana zaune a Frederick, wani gari a jihar Maryland ta Amurka, kuma yana da wani shirgegen babur ƙirar Harley-Davidson wanda in ya tayar da shi sai tagogin maƙwabta sun amsa. Tunda na sauka gidansa nake kewaye babur ɗin nesa-nesa. Ran nan muna cin tuwo ya ce, "Kawu, gobe in Allah ya kai mu zan kai ka filin yaƙi."

Na ajiye lomar da na ɗauka, na ce, "Me na yi maka?"

Ya yi dariya, ya ce tsohon yaƙi ne, na basasar da aka gwabza daga 1861 zuwa 1865 tsakanin jihohin Arewa da na Kudu, wanda ya ci rayuka fiye da 600,000, kuma tushen rigimar bautar da baƙar fata. Yanzu filayen sun zama wurin yawon shan iska, masu babura kan yi ayari su bi su ɗaya bayan ɗaya. Da na ji Arewa ce ta ci yaƙin, nan take na san ɓangarena.

Washegari ya kawo mini wandon jins da rigar fata. Na ce ni ba ɗan daba ba ne, dattijo ba ya zuwa gaida kabari da kayan samari. Na zura babbar rigata ta shadda, na kafa zanna-bukar. Sai ya miƙo hular kwano, wai a Maryland doka ce. Na cusa hulata a aljihu tare da ƙullin goro, na yi bisimilla na haye.

Ba mu gama fita gari ba iskar Oktoba ta gano ƙofar hannun rigata. Ta shiga ta dama, ta shiga ta hagu, rigar ta kumbura ta tashi sama kamar rumfar biki ranar guguwa. Motocin da ke bayanmu suka fara ja da baya. Hanyar ta hau tsaunin da suke kira South Mountain, tana lanƙwasa, babur yana kwanciya, ni ina kwanciya ta ɗaya gefen don in daidaita mana nauyi, yaron yana ihu, "Kawu, ka biyo ni, kar ka yi gardama da babur!" An ce ganyayen itatuwan wurin a wannan lokaci ja ne da rawaya, abin sha'awa. Ni dai abin da zan iya ba da shaida a kansa shi ne ɗinkin bayan rigarsa, don shi na ƙura wa ido ina jan Ayatul Kursiyyu.

"Kawu, ka ga kyau?"

"Na gani! Kalli gabanka!"

A Boonsboro muka tsaya shan shayi, ya ba ni labarin sakacin da ya jawo yaƙin da za mu je gani. Ranar 13 ga Satumba 1862, a wani fili kusa da Frederick, sojan Arewa ya tsinci takarda an naɗe sigari uku a cikinta. Ashe umarnin Janar Robert Lee ne, kwamandan Kudu, da bayanin yadda ya rarraba rundunarsa. Aka kai wa Janar George McClellan na Arewa, shi kuma ya yi ta jan ƙafa har Lee ya samu ya tattaro yawancin mutanensa. Na ce lallai wanda ya yar da takardar nan sakarai ne na ƙarshe. Na sa hannu a aljihu in ɗauko goro, na ji wayam. Hula da goro sun sauka a kan tsauni ba sallama.

Haka na isa Antietam, kusa da ƙauyen Sharpsburg, kai ba hula. Wurin shiru, gonakin masara, shingen katako, ga wata 'yar farar majami'a. In ba an faɗa maka ba, ba za ka ce a nan ne ranar 17 ga Satumba 1862 mutum kusan 23,000 suka mutu, ko suka ji rauni, ko suka ɓata, a wuni guda ba. Amurka ba ta taɓa ganin rana mai jini irin wannan ba. Kwana biyar bayan nan Shugaban Ƙasa Abraham Lincoln ya ba da sanarwar farko ta 'yanta bayin da ke jihohin 'yan tawaye.

Muka gangara wata tsohuwar hanyar gona da ƙafafun keken doki suka cinye har ta zama kwari. Sojojin Kudu sun yi kwanto a cikinta, kuma cikin 'yan sa'o'i sama da mutum 5,000 na ɓangarorin biyu suka faɗi a nan. Ina tsaye a bakin kwarin, na harɗe hannu a baya ina jinjina kai irin na manya, sai na ji: daram!

Duk wanda ya bi hanyar Abuja zuwa Kaduna a shekarun da ta yi ƙamari ya san jiki ba ya jiran shawarar kai. Kafin ƙarar ta gama amsawa ina cikin kwarin rub da ciki, rigar ta lulluɓe ni, ina salati ina kiran yaron ya kwanta. Da na leƙo, sai na ga Turawa sun jeru a sama da wayoyinsu. Wani yaro ƙarami har da tafi. Ashe wasu 'yan sa-kai ne, galibinsu masu furfura da tumbi, sanye da shuɗin kakin sojan Arewa, suke nuna yadda ake harba igwar zamanin, da albarushi zalla ba dalma. Wata tsohuwa ta sunkuyo ta tambayi ɗan ƙanwata ko ina cikin masu wasan ne. Ɗan banzan ya ce mata eh, kuma na daɗe ina atisaye.

Na karkaɗe shaddata, na ce mu tafi. Mutanen da ƙarar igwa ke sa su ciro waya sun ji daɗinsu, ban ce komai ba.

Muka nausa arewa muka shiga Pennsylvania, muka isa Gettysburg da la'asar. A nan aka kwana uku ana fafatawa, 1 zuwa 3 ga Yuli 1863, Lee da Janar George Meade na Arewa, kusan mutum 51,000 abin ya shafa. A watan Nuwamba na shekarar aka buɗe maƙabartar sojoji. Babban baƙo mai jawabi, Edward Everett, ya yi awa biyu yana zuba. Lincoln ya miƙe ya yi minti biyu ya zauna, kuma nasa ne yaran makaranta ke haddacewa har yau. Da ina da iko da na sa an rubuta wannan a ƙofar kowane zauren ƙaddamar da littafi na Kano.

Matsalar Gettysburg ta fito da na tashi yin salla. Na fuskanci gabas, yaron ya duba waya ya ce alƙibla a nan arewa maso gabas take. Na juya, sai ga wani janar na tagulla a kan doki yana kallona. Na matsa gaba, ga wani soja na dutse riƙe da tuta. Na koma hagu, wani ya ɗaga takobi. Filin yana da gumaka da duwatsun tunawa fiye da 1,300, kusan kowace bataliyar Arewa ta kafa nata. Na yi ta yawo da rigar fatar yaron a hannu a matsayin darduma, har rana ta fara ja, sannan na samu bayan wata motar ɗaukar 'yan yawon buɗe ido na kabbara. Ina raka'a ta biyu direba ya ja motarsa. Da na sallame, wani mai gemu na tagulla ne a gabana, ya miƙa hannu yana nuna wa sojojinsa hanya.

Yaron ya ce saura Harpers Ferry, inda John Brown mai adawa da bauta ya kai hari rumbun makamai a 1859, da kuma wasu filaye a Virginia. Na ce ya gaishe su.

Wanda duk zai je, ya sa wando da riga mai maɓalli, ya bar hularsa mai tsada a gida, ya tambayi ƙarfe nawa ake harba igwa tun daga ƙofa. In kuma akwai mota a gidan, ya shiga mota.