Zuwa ga Ɗan Gwaggo, Sarkin Gem na Malumfashi

Ɗan Gwaggo, gaisuwa irin ta ubangida ga yaronsa. Labarinka ya riga ka isowa Funtua, ka san direbobin hanyar Bakori ba sa barin magana ta kwana. An ce tun da ka sayar da masarar bana ka sayo PlayStation 2 'yar gwanjo, ka buɗe gidan gem a zauren Gwaggo, har hula ka karkace. Na'urar da kamfanin Sony ya fitar a 2000, ya daina ƙera ta a 2013, sai yanzu ta iso gare ka. Ba komai, dama ku can ba a san ku da gaggawa ba.

Abin da ya ba ni mamaki, kai manomi ne ɗan manomi. Ko yunwa za ta kashe ka ba ka taɓa dammunan iri da ka ɓoye a ƙuryar rumbu. Amma faifan ƙwallon nan naka tilo, Winning Eleven, wanda shi ke kawo maka cefane, ka sakar wa yara masu maiƙon ƙuli-ƙuli a hannu, ga ƙurar hunturu. Ranar da na zo na ɗaga shi a hasken ƙofa, wallahi sai ka ce gonar da aka yi wa huɗa da shanu. Na ce ka yi masa kwafi ka adana na asalin, ka ce ɗan Funtua ba zai koya maka sana'a ba.

To, da ya fara tsayawa ana tsakiyar bugun fanareti fa? An ce ka shafa masa makilin, ka goge da gefen riga, ka hura, ka tofa. Masu sharri ma sun ce shagon hoto-kwafi ka fara kai shi. Ni dai ban ƙaryata su ba.

Daga baya ka je wurin masu tura fina-finai, aka kwafa maka shi a sabon faifai mai gig 4.7, ka dawo kana taƙama. Kana sakawa talabijin ya yi jawur. Ka koma ka ci kwalar yaron shago, bawan Allah ba shi da laifin komai. Sony ne ya sa wata alama a jikin faifansa na asali wadda kwamfutar gida ba ta iya rubutawa, na'urar kuma sai ta ga alamar nan take yarda. Shi ya sa masu gyara ke manna mata ɗan cif a ciki. Ga shi faifan kwafi na saurin gajiyar da idon na'ura, naka idon kuwa tun a Kwatano ya tsufa.

Hanyar da ta fi sauƙi, a sa maka Free McBoot a katin memori, a haɗa da Open PS2 Loader, a zuba gem ɗin a filashi. Wanda ya wuce gig 4 akan raba shi gida-gida, kuma ramin filashin tsohon yayi ne, hoton farko zai riƙa ɗingishi kamar babur ɗinka a hawa. Ƙwallo dai za ta buga. Faifan da ka saya da kuɗinka nake nufi, kada ka ji daɗi ka fara kwafa kana kasawa a kasuwa, Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ba ta san wasan taubasai ba.

Ka ɗauko na'urar da faifan ranar Asabar, tun yana da sauran numfashi. Ladan aiki tiya biyar ta masara, maganar kuɗin shara kuma sai watan cika-ciki. Ka gaida Gwaggo, ka mayar mata da makilinta.