Zuwa Ga Alhaji Dogon Yaro, Game Da Aikin Gindin Katanga

Ranka ya daɗe,

Buƙatarka ta neman aikin rufe katangar bayan gidanmu ta iso. Na san ba da hannunka ka rubuto ba, wakilai ka turo: 'ya'yanka ne suka tsiro a jere a gindin katangar tun ruwan farko, ba wanda ya shuka su, jemagu suka yi dakon ƙwallon da dare. Mutanen gida sun zauna a kan maganar, ni aka ɗora wa rubuta amsa. Amsar kuwa ita ce a yi haƙuri.

Kada ka ɗauka raini ne. Wa ya isa ya raina ka a ƙasar nan? Daga Indiya da Bama ka taso, ka sauka Gana zamanin Gwamna Guggisberg, wanda ya yi mulki daga 1919 zuwa 1927, sannan a 1928 aka kawo ka Borno. Yau kuwa wanda ya bi titunan Maiduguri sai ya rantse tun zamanin Shehu Laminu kake nan. Wasu su ce darbejiya, wasu maina, mutanen Nijar su ce bedi, duk kana amsawa. A kwarin Maggiya da ke jihar Tawa, tun 1975 aka jera ku sahu-sahu kuna tare iska, gero ya samu ya tsaya da ƙafarsa. Alhajin da na kira ka ma ba zolaya ba ce, don a filin Arfa an dasa 'yan'uwanka wajen 50,000, kuma duk wanda ya yi tsayuwar nan da tsakar rana ya san abin da inuwarku ta tsare masa. Ga ganyenka a tukunyar mai zazzaɓi, ga shi a rumbu yana korar ƙwari, ga asuwaki kyauta, ga itacen da gara ke gani ta kauce. Takardunka sun cika, har sun yi wa wannan aiki yawa.

Bari in faɗa maka aikin. Katanga ce ta bulo, tsayinta bai kai mita uku ba, rana na dukanta daga azahar har magariba, da dare kuma ta amayo zafin a kan masu kwana tsakar gida. Abin da ake nema shi ne ganye daga ƙasa har sama, mai kauri, wanda zai zauna rani da damina. Shekara biyun farko za ka yi wannan, har a riƙa kawo baƙi su gani. Daga nan sai halinka ya motsa, ka miƙe, ka wuce katanga, ka wuce rufin ɗaki, ka doshi mita 15, ka kwashe ganyen duka ka kai can sama inda ba wanda ya aike ka. Mu a ƙasa me ka bar mana? Gangar jiki tsirara, da katangarmu a bayanta tana kallonmu kamar jiya. Da benen maƙwabci ake so a tare, da kai ne gwani, amma maƙwabcinmu bai da bene.

Wannan duk mai sauƙi ne a kan abin da kake yi a ƙarƙashin ƙasa. Kowa ya san tushen katangar gida ba zurfi gare shi ba, magini kan ce ai ba nauyi za ta ɗauka ba, a rage siminti. Saiwarka kuwa ba ta san iyaka ba. Da farko tsaga ce siririya tsakanin bulo da bulo, wadda ko tsinken tsintsiya ba zai shiga ba. Damina biyu, sai ka ga ƙadangare ya mai da ita gida, yana leƙowa yana gyaɗa kai. Daga nan daɓen siminti ya ɗago, in kuma saiwar ta ji ƙanshin danshin sokawe, to ranar kiran masu gyara ta zo. Reshen da ya tsallaka waje ya zama tsani, kwalaben da aka kafa a kan katanga don ɓarawo sun tashi a banza. Wanda ya tsallaka gidan maƙwabci kuma ganyensa ya toshe indararo, ruwa ya kwanta masa a rufi, zumuncin shekara da shekaru ya ƙare a zauren mai unguwa.

Na san za ka ce a riƙa yi maka aski, ai kana jure sara, ko an datse ka sai ka tofo. Gaskiya ne. To wa zai riƙa askin? Mai gidan da ya nemi itace mai saurin girma, ai don ba shi da haƙurin jira ne, ta ina zai samo haƙurin ɗaukar adda duk wata? Kuma askin sama ake yi, saiwa tana can tana ƙara ƙiba abinta.

Laifin ma ba naka ba ne kai kaɗai. Je ka tsaya wurin masu sayar da dashe a gefen titi ka saurara. Duk wanda ya faka mota tambayarsa ɗaya: “Wanne ya fi saurin girma?” Mai lambu ya ɗago wani a baƙar leda ya ce, “Wannan, Alhaji, kafin kaka ya wuce kanka.” Ban taɓa jin wanda ya tambayi inda itacen ke tsayawa ba, alhali tambayar da ta shafi katanga ke nan. Abin da ya kai kan katanga a wata shida bai san ya iso ba, gaba zai yi. Sauri ya haifi nawa.

Don ka san ba son kai aka yi ba, ba kai kaɗai aka mayar ba. Turare ɗan Ostareliya ya zo, aka ga ya fi ka tsayi da tsiraici, ga shan ruwa kamar ya haɗiye rijiya. Zogale ya zo, shi kam a shekara guda yana iya kai mita uku, kuma saiwarsa ba ta da faɗa, amma ganyensa shara-shara ne, ɗan abin da ya fitar kuma matan gida sun tsige sun yi kwaɗo kafin ya rufe ko bulo ɗaya. Aguwa da bini da zugu tsofaffin ma'aikatan shinge ne a gona, dabba ba ta cin su, sai dai da rani suna zubar da ganye daidai lokacin da aka fi buƙatarsu, kuma 'ya'yan bini da zugu guba ne, gidan nan kuwa da yara. Ɗan ƙasarku mai siririn jiki, wanda masu lambu ke kira maskared, shi ya kusa samu, don ganyensa na zubowa har ƙasa kuma ba ya faɗi. Lissafin jarkokin mai ga-ruwa a watan Afrilu ne ya kayar da shi.

Ga yadda aka raba aikin. Lalle zai tsaya a sahun gaba, a ɗan nesa da tushen katanga. Ba shi da gaggawa, amma yana jure ƙishi, in ana datse kansa yana cika ya yi duhu tun daga ƙasa, furensa na ƙamshi da yamma, abin da aka aske kuma ba a zubarwa, masu ƙunshi na jira. A bayansa bugenbil ce, 'yar Birazil, za a ɗaura mata waya ta bi, tunda ba ta iya manne wa bango da kanta. Ita rana ce abincinta, da rani take fure in ba a cika mata ruwa ba, ƙayarta kuma ta fi kwalba iya magana da mai tsallaka katanga. Kafin su biyun su kankama, an ɗauki soso aikin wucin gadi: damina ɗaya zai lulluɓe bangon, hunturu na shigowa ya bushe, a tsinke 'ya'yansa a yi wanke-wanke.

Kai kuma ba a sallame ka hannu rabbana ba. Akwai gurbi a ƙofar gida, taku goma daga kowane gini, inda za ka miƙe iya son ranka. Cikin wakilan da ka turo za a zaɓi mai ƙwari ɗaya a mayar can, sauran a tumɓuke tun suna ɗanyu. Sharuɗɗan su ne: ruwa a ranin farko kawai, da kewayen ƙaya saboda awaki, bayan nan ka ci da kanka. Masu karyar asuwaki da masu tsinkar ganye ba za a hana su ba, kuma dattawan layi sun riga sun fara gardamar inda za a ajiye benci. In ka amince a sanar da mu kafin tsakiyar Yuli, don ka samu ruwan Agusta ka kama ƙasa.

Naka mai girmama ka,
Maigida, a madadin mutanen gida