Baƙon Mushe

A wani ƙauye cikin kwarin Tarka, a ƙasar Dakoro, akwai lakwal mai aji uku. Ƴaƴan manoma da na Fulani da na Buzaye benci ɗaya suke zama. Wata shekara aka kawo wa sabon malami, wanda ake kira Mushe, ɗan littafi daga birni kan yaƙi da ta'addanci. Takarda mai kyau, hoto kala-kala. Sai dai duk mugun da aka zana a ciki rawani ne a kansa, saniya a bayansa, kuma kowane babi da yabon masu mulki yake ƙarewa.

Mushe ya karantar da shi yadda ya zo. Kafin mako ya zagayo, yara sun fara matsawa daga gefen ɗan Ardo. Ranar kasuwa yaron ya bi shanu, bai sake dawowa aji ba.

Da la'asar wani dattijo ya yi sallama, aka shimfiɗa masa tabarma gindin aduwa. Bai tambayi littafi ba, bai ambaci yaro ba.

Ya ce, "Mushe, ni ma na zauna lakwal zamanin Nasara. An koya mana cewa Faransa ce ta kawo zaman lafiya ƙasar nan, muka haddace, muka ci jarrabawa. Sai da na girma, fatauci ya kai ni Maijirgi wajen Tasawa, aka nuna mini kaburburan hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine. Can na ji abin da suka yi a 1899: yadda suka ƙone Lugu, garin Sarauniya Mangu, suka wuce Konni suka karkashe mutane. Kanar Klobb da aka aiko ya tsayar da su, shi ma suka harbe shi a Dankori. Daga baya sojojinsu ne suka kashe su. Ko layi ɗaya na wannan babu a abin da na haddace."

Mushe ya ce, "Baba, ai yanzu ana koyar da shi."

"Ana koyarwa, ɗana. Kawusan da ya kewaye Agadas a 1916, jiya ɗan tawaye, yau gwarzo. Shi bai sauya ba, mai riƙe da alƙalami ne ya sauya. Abin da ya ƙone mini rai, malaminmu ɗan ƙasa ne, ya san gaskiya, ya karanta mana ƙarya da murya mai daɗi. Na yafe wa littafin, don takarda ba ta da ido. Shi kuwa yana kallonmu."

Ya ɗauki takalmansa. "Gaisuwa ce ta kawo ni. A huta gajiya."

Washegari da sassafe Mushe ya tafi ruga, ya gaishe da Ardo, ya roƙi a mayar masa da ɗalibinsa. Da aka shiga aji ya bar littafin a aljihun tebur. Ya gaya wa yara cewa ƴan bindigar da ke addabar Madarunfa da Gidan Rumji suna kore shanun makiyayi, suna sace manomi a gonarsa, kuma waɗanda Boko Haram ta kashe a Diffa tun 2015 daga kabilu dabam-dabam suke. Ya ce mai kisa da aikinsa ake gane shi, rawani tufa ne na mutanen kirki.

Littattafai irin wancan suna nan suna fitowa, kuma ba kowane ƙauye ke da dattijon da zai zo gaisuwa ba. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as.