Madalla da Tausayin Kotunan Amurka

Duk mai cewa babu tausayi a shari'ar Amurka bai san hukuncin da Kotun Ƙolinsu ta yanke a 1998 kan ƙarar iyalan Lewis da gundumar Sakaramento ba. Tausayi kam ga shi nan har yana zuba, kuma duk ɗan sanda aka tara wa.

A watan Mayun 1990 wani ɗan sanda a Kalifoniya ya dafa wa samari biyu baya a kan babur, saboda an ce su tsaya, mai tuƙin ya ƙi. Daƙiƙa 75 aka yi ana tsere a cikin unguwa, gudun har ya kai kilomita 160 a awa. Akwai lokacin da tsakanin motar da babur ɗin bai wuce mita 30 ba, alhali sai ta ci kusan mita 200 kafin birki ya tsayar da ita. Da suka zo wata kwana, babur ya kife. Motar ta kwashi Lewis, yaron da aka goyo, ɗan shekara 16, ta yi jifa da shi, nan take ya cika. Ba shi ke tuƙi ba.

Allah ya ja zamanin alƙalai! Mai Shari'a David Souter ya rubuta cewa a irin wannan tsere ganganci bai isa ya zama take haƙƙin da tsarin mulki ya ba mutum ba, halin ko-in-kula ma bai isa ba. Sai iyaye sun nuna cewa ɗan sandan ya yi niyyar cutar da yaron. Kai, wannan sauƙi da yawa yake. Abin da kawai ake nema a wurin uwa shi ne ta share hawayenta, ta shiga zuciyar wanda ya take mata ɗa, ta ciro niyyarsa ta ajiye a gaban alƙali.

Jihar Kalifoniya ma ba a bar ta a baya ba. Ta daɗe da dokar da ke wanke rundunar 'yan sanda daga biyan diyyar wanda motar mai gudu ta buge, muddin tana da rubutacciyar ƙa'ida kan bin masu laifi da mota. Daga baya aka ƙara sharaɗin horo. Takarda na nan lafiya lau a cikin durowa, mai karaya kuwa ya nemi kuɗin ɗori a wurin danginsa.

A 2001, a jihar Jojiya, an ga saurayi ɗan shekara 19 yana gudun mil 73 a inda doka ta ce 55. Ya ƙi tsayawa, kuma wannan laifi ne, ba mai musu. Ɗan sanda ya daki bayan motarsa da gangan, ta wuntsila, hannuwa da ƙafafun yaron suka shanye har abada. A 2007 alƙalan Kotun Ƙoli takwas cikin tara suka kalli bidiyon tseren suka ce aikin ya yi daidai. John Paul Stevens kaɗai ya so ɓata shagalin, wai ai 'yan sanda sun riga sun ɗauki lambar motar, da sun ƙyale shi su kamo shi daga baya. Tsoho da taurin kai! Ina daɗin kamun da ba a yi jiniya ba?

Sai Siyatil, a Janairun 2023. Ɗaliba 'yar Indiya mai shekara 23 tana tsallaka titi a inda aka ware wa masu tafiya a ƙasa, motar 'yan sanda mai gudun mil 74 a titin da aka ƙayyade 25 ta kashe ta. Kyamarar da ke maƙale a ƙirjin wani jami'i, mataimakin shugaban ƙungiyar 'yan sandan birnin, ta naɗi muryarsa yana dariya a waya, yana cewa a rubuta cek na dala 11,000 kawai, ai darajarta ba ta da yawa. A jinjina masa, ya hutar da kotu wahalar lissafi. Mai gabatar da ƙara ta ce babu isasshiyar hujjar gurfanar da direban, sai tarar dala 5,000 ta tuƙin sakaci. An kori su biyun daga aiki, amma sai bayan da duniya ta ji dariyar nan.

Ko an ci 'yan sanda a kotu ma, kada kowa ya tayar da hankalinsa. Binciken da Farfesa Joanna Schwartz ta wallafa a 2014 ya gano cewa cikin diyyar da ake biya kan take haƙƙi, abin da ke fita daga aljihun 'yan sanda kansu bai wuce kashi 0.02 cikin ɗari ba. Sauran daga harajin jama'a ne, har da wanda iyayen mamacin suka biya.